Tafiyar Mutum Ɗaya A Ƙaramar Mota

Jama'a, wanda ya saba cin kasuwar Shinkafi ran Alhamis ya san baƙin da su ke zuwa daga arewa. Akwai mutanen Maraɗi, akwai Buzaye da raƙumansu. In ka tambayi ɗayansu inda ya fito, ya kan ɗaga hannu ya nuna arewa, ya ce, "Can." To, ina ne can ɗin? Hanyar nan da ta tashi daga Ƙaura Namoda, ta bi ta Zurmi, ta nufi Jibiya, ina ta ƙare? Ba ta ƙare ba sai a bakin teku. In mutum ya bi ta bai fasa ba, sai ya ƙetare hamadar Sahara, ya isa gaɓar Bahar Rum, ƙasar Turai tana tsallaken ruwa.

Akwai mutanen da suka yi irin wannan doguwar tafiya su kaɗai, a cikin 'yar ƙaramar mota. Waɗansu sun isa lafiya. Waɗansu kuwa sun tafi da abokan tafiya ma, amma ba su dawo ba. Yau za mu duba mu ga abin da ya raba waɗannan da waɗancan.

AYARI DA MUTUM ƊAYA

Kakanninmu sun san hamada tun ba a san mota ba. Fatake su kan tashi daga Kano, su bi ta Damagaram da ƙasar Abzin, su wuce Gat da Gadamas, har Tarabulus. Tafiyar ta kan ci watanni. Amma ba wanda ya ke tafiya shi kaɗai, sai a cikin ayari. Akwai madugu, shi ne shugaba. Akwai jagaba, shi ya san hanya. Akwai waɗanda suka san rijiyoyi, akwai masu gadi da dare. In raƙumin wani ya kasa, sai a raba kayansa a ɗora wa sauran. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ko Turawan da suka fara ƙetare Sahara da mota, a ayari suka yi. Mutanen Faransa ne, da motoci 5 na kamfanin Citroën. Sun tashi daga Tugurt ta ƙasar Aljeriya a watan Disamba 1922, suka isa Tambutu a watan Janairu 1923.

To, wanda zai tafi shi kaɗai fa? Shi ne madugu, shi ne jagaba, shi ne mai gadi, shi ne makanike. Duk aikin da ayari ya ke rabawa tsakanin mutane da yawa, a kansa ya ke. Don haka ba ƙarfin zuciya kaɗai a ke bukata ba. Abin da ya fi shi ne shiri da lissafi tun daga gida.

MUTUM BIYU DA SUKA YI

A shekarar 1966 wani saurayi ɗan Nijeriya, sunansa Newton Jibunoh, ya gama karatu a Ingila. Mutumin ƙasar da a ke kira Jihar Delta ne yanzu. Maimakon ya hau jirgi ya dawo gida, sai ya tuƙo mota daga Landan, ya ratsa Sahara shi kaɗai, har Ikko, watau Legas. Motarsa Volkswagen ce, irin 'yar ƙaramar nan mai kama da kunkuru. Bayan shekara talatin da 'yan kai ya sake ratsa hamada, ya kuma sake a 2008. Abin da ya gani na yadda rairayi ya ke cin gonaki ya sa ya kafa ƙungiyar yaƙi da gurgusowar hamada a shekarar 2000. Ƙungiyar ta dasa itatuwa a Makoɗa ta ƙasar Kano.

Ta biyu mace ce, sunanta Pelumi Nubi. A Ikko aka haife ta, a Ingila ta girma. Ta tashi daga Landan a ƙarshen watan Janairu 2024, ita kaɗai, a cikin mota Peugeot 107. Motar ƙarama ce ƙwarai, amma ta gyara cikinta ta yi wurin kwana. Ba ta bi tsakiyar hamada ba, sai ta bi gefenta na yamma, kusa da teku. Ta ratsa Faransa da Sifen, aka ƙetarar da motar a jirgin ruwa zuwa Maroko. Daga nan ta bi ta Muritaniya da Senegal, ta yi ta bin ƙasashen bakin teku. A iyakar Saliyo aka tsai da ita, don sitiyarin motarta yana hannun dama, irin na Ingila, sai daga baya aka bar ta ta wuce. A Kwaddibuwa ta yi karo da wata babbar mota, har aka kai ta asibiti. Aka gyara motar, ta ci gaba. Ta iso Ikko ran 7 ga Afrilu 2024, bayan kwana 68.

Ku lura da abu guda. Abin da ya tsai da ita ba rairayi ba ne. Doka ce a bakin iyaka, da haɗari a kan kwalta.

DON ME ƘARAMAR MOTA?

Wani zai ce, ai doguwar tafiya sai babbar mota. Raina kama ka ga gayya. Ƙaramar mota tana da amfani uku ga mai tafiya shi kaɗai.

Na ɗaya, ba ta shan mai da yawa. Na biyu, ba ta da nauyi. In ta kafe a rairayi, mutum ɗaya yana iya tone ta ya fid da ita. In babbar mota ta nutse kuwa, sai an taru. Na uku, gyaranta ba wuya, kayan gyaranta kuma ba tsada.

Ita Volkswagen ɗin nan ta dā tana da wani amfani kuma. Iska ce ta ke sanyaya injinta, ba ta da lagireto, watau ba ta neman ruwa. A hamada kuwa ko wane ɗigon ruwa abin tattali ne. Injinta kuma a baya ya ke, nauyinsa yana danne tayoyin da ke tura ta, su kama ƙasa sosai.

Amma ƙaramar mota tana da nata aibi. Cikinta yana kusa da ƙasa, dutse ko tudun rairayi ya kan taɓa shi. Tankinta ƙarami ne, na Volkswagen lita 40, na Peugeot 107 lita 35. Ba ta kuma ɗaukar kaya da yawa. In aka cika mata kaya, amfanin rashin nauyinta ya tafi ke nan. Saboda haka ko wane abu da za a sa a ciki, sai an tambayi kai, "Lalle ina bukatarsa?"

HANYA DAGA ƘOFAR GIDANMU

Yanzu bari mu bi hanyar arewa zango zango. Daga Ƙaura Namoda a bi ta Zurmi zuwa Jibiya. Kusa da nan iyakar Nijeriya ta ke. In an ƙetare an shiga ƙasar Nijar, sai Maraɗi. Daga Maraɗi a yi gabas zuwa Damagaram. A nan a ke haɗuwa da babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta bi ta Kano. Tsawonta duka, daga Ikko zuwa Aljiyas, babban birnin Aljeriya, wajen kilomita 4,500 ne.

Daga Damagaram a miƙe arewa, a wuce Tanut. Daga nan gonaki su kan fara ƙarewa, itatuwa su yi ta raguwa, har a isa Agadas, wajen kilomita 450 daga Damagaram. Gaba da Agadas akwai Arlit, garin da aka kafa a 1969 saboda haƙar ma'adinin yuraniyam. Sa'an nan Asamaka, ƙarshen ƙasar Nijar. Sa'an nan Ingizam, farkon ƙasar Aljeriya. Daga Ingizam zuwa Tamanraset wajen kilomita 400 ne. Wannan ya yi kamar daga Sakkwato zuwa Zariya ta Gusau. Amma ku tuna, tsakanin Sakkwato da Zariya garuruwa ne da ƙauyuka jere. Can kuwa sai rairayi da duwatsu. Daga Tamanraset zuwa bakin Bahar Rum saura kusan kilomita 2,000, ta In Sala da Gardaya.

Yawancin wannan hanya an shimfiɗa mata kwalta. Amma akwai inda kwaltar ta farfashe, akwai kuma inda iska ta kan kwaso rairayi ta binne ta.

Hausa tana kai mutum har Agadas da Arlit, ko a Tamanraset ma ba a rasa mai jin ta. Amma takardun hukuma a Nijar da Faransanci a kan same su, a Aljeriya kuwa da Larabci da Faransanci. Kuɗi ma suna sakewa. Naira ce a nan, sefa a Nijar, dinari a Aljeriya.

Wajibi ne kuma mu faɗi gaskiya. Shekara goma da wani abu ke nan 'yan bindiga suna tare hanyoyin ƙasarmu, har da na Zurmi da Shinkafi. A arewacin Nijar da kudancin Aljeriya ma akwai wuraren da hukuma ba ta barin baƙo ya bi sai da rakiya. Wanda aka ce masa hanya ba lafiya, to, ya dakata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

TAKARDU

Ko wace iyaka ƙofa ce, takarda kuwa ita ce mabuɗi. Ga waɗanda a ke nema.

Na ɗaya, fasfo, watau takardar da ke nuna ko wane ne kai, da ƙasarka. Na biyu, biza, watau iznin shiga ƙasar wasu. Ɗan Nijeriya yana bukatar biza kafin ya shiga Aljeriya ko ƙasashen Turai, kuma tun daga gida a ke nemanta. Na uku, katin allurar rigakafin shawara, mai launin rawaya. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har iyakar rai. Na huɗu, lasin tuƙi irin wanda ƙasashen waje su ke karɓa. Na biyar, takardun mota, da sunan mai ita, da lambar inji. Na shida, inshora. Na bakwai, takardar kwastan, wadda ke nuna ba sayar da motar ka zo yi ba, za ka fita da ita.

A 1979 ƙasashen Afirka ta Yamma, a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ECOWAS, suka yarda mutanensu su riƙa shiga ƙasashen juna ba biza, har kwana 90. Amma doka tana sakewa. A watan Agusta 2023 aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar, Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris 2024. A Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar. Don haka kada mutum ya dogara da labarin wanda ya bi hanya bara. Ya je ofis ya tambaya da bakinsa. Matambayi ba ya ɓata.

LISSAFIN MAI DA RUWA

Nan ne zuciyar maganar. Bari mu yi misali da lissafi mai sauƙi.

A ce motarka tana cin kilomita 10 da lita ɗaya. A ce kuma tsakanin gidan mai da gidan mai kilomita 400 ne. Lita nawa ka ke bukata? Lita 40. To, wannan lissafin kwalta ne. A cikin rairayi mota tana tafiya da ƙaramar giya, inji yana wahala, tana iya shan ninki biyu. Lita 80 ke nan. In ka ɓata hanya ka komo da baya fa? In ka isa ka tarar gidan man ba mai fa? Sai ka ƙara lita 20. Duka lita 100. Tankinka yana cin 40. Saura 60, watau jarka 3 masu cin lita 20.

Yanzu ruwa. A cikin zafin hamada mutum yana bukatar lita 8 ko 10 a yini don sha kaɗai. In ba ruwa sam, kwana biyu ko uku sun isa su kashe ƙato. A ce tafiyar ta kwana 2 ce. Kada ka ɗauki ruwan kwana 2. Ɗauki na kwana 8, don kana iya lalacewa a hanya ka zauna jiran taimako. Lita 10 sau 8, lita 80 ke nan.

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Lita 80 kilo 80 ke nan. In ka haɗa da jarkokin mai, nauyin ya fi buhun gero. Kun ga dalilin da ya sa ƙaramar mota ta fi dacewa da mutum ɗaya. Gurbin da fasinja zai zauna, ruwa ne zai zauna.

Kada a zuba ruwa duka a mazubi ɗaya. In ya huje, an yi hasara duka. A rarraba shi a jarkoki da yawa. Kada kuma a zuba ruwan sha a jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur.

LOKACIN TAFIYA DA KAYAN AIKI

Lokacin ɗari a ke ratsa hamada, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da bazara zafi a In Sala ya kan wuce digiri 45. Amma da ɗari dare yana da sanyi ƙwarai, balle a Tamanraset da ke kan tudu. Sai da bargo.

Kayan aikin da ba a bari su ne safaya biyu, da jak, da katako mai faɗi na ɗora jak don kada ya nutse, da famfon taya, da kayan faci, da shebur, da sifanu, da fanbel, da filogi, da baƙin mai, da igiya. A ƙara da faranti biyu dogaye na ƙarfe, waɗanda a ke shimfiɗa wa taya a rairayi. A riƙe taswira ta takarda da kamfas. Wayar hannu tana nuna hanya, gaskiya ne, amma batir ya kan mutu, kuma a wurare da yawa ba a samun layi.

In za a shiga rairayi mai laushi, sai a rage iskar taya. Taya ta kan baje, ta hau bisa rairayi kamar tafin raƙumi. In an fita, a mai da iska da famfo. A yi sammako, don da safe rairayi yana da sanyi, ya fi ɗaukar mota. In mota ta kafe, kada a yi ta taka totur, taya sai ta ƙara haƙa wa kanta rami. A sauka, a tone, a shimfiɗa faranti, a fita sannu. Kada a yi tuƙin dare. Mai tafiya shi kaɗai ba shi da wanda zai karɓe shi, barci kuwa ɓarawo ne.

IN MOTA TA LALACE

A zamanin mulkin Faransa, mai ratsa hamada ya kan rubuta sunansa a ofis kafin ya tashi. A kan buga waya zango na gaba. In ranar isowarsa ta wuce ba a gan shi ba, sai a fita nemansa. Wannan dabara ba ta tsufa. Kafin ka tashi, ka gaya wa hukuma da danginka hanyar da za ka bi da ranar da za ka isa. Kada kuma ka saki babbar hanya, don a kanta za a neme ka.

In mota ta mutu, kada ka bar ta ka kama tafiya a ƙasa. Mota tana ba ka inuwa. Daga nesa kuma an fi ganin mota da ganin mutum. Ka kwanta a inuwa da rana, ka yi aiki da sassafe ko da yamma. In ka ji motsin wata mota nesa, ka ƙona tsohuwar taya, baƙin hayaƙinta yana tashi sama a hango shi.

WAƊANDA BA SU DAWO BA

A 1955 waɗansu Turawa huɗu suka tashi daga ƙasar Kenya za su Ingila a cikin ƙaramar mota Morris. Suka bi ta Kano da Agadas, suka shiga hamada da bazara. Mutum huɗu da kayansu sun yi wa motar yawa. Ta yi ta kafewa, ruwansu ya ƙare. Biyu daga cikinsu suka mutu.

Na biyu ya fi kusa da mu, ya kuma fi ban tausayi. A watan Oktoba 2013 motoci biyu suka tashi daga Arlit cike da mutane, za su Tamanraset neman abinci. Ba su bi babbar hanya ba. Motocin suka lalace a cikin hamada. Da aka fita nema, gawa 92 aka samu, yawancinsu mata da yara. Da yawa daga cikinsu mutanen Kance ne ta ƙasar Damagaram, talakawa manoma kamarmu. Allah ya jiƙansu.

Ku duba ku gani. A duka biyun, mutane sun yi yawa, ruwa ya yi kaɗan. Hamada ba ta duba girman mota. Lissafi ta ke dubawa.

Watakila a cikinmu ba mai niyyar tuƙa mota zuwa Turai. Amma a ko wane gari akwai saurayin da ke shirin tafiya arewa neman kuɗi, akwai direba, akwai mai ɗa ko ƙane a hanya. In irin wannan ya zo sallama, kada ku tsaya ga "Allah ya kiyaye hanya" kaɗai. Ku yi masa addu'a, sa'an nan ku tambaye shi abu huɗu. Ina takardunka? Wace hanya za ku bi? Ku nawa ne a motar, jarkar ruwa nawa? Wa zai neme ku in ba ku isa ba? In ya kasa amsawa, ku ce ya dakata tukuna. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

TAMBAYOYI

1. Faɗi aikin madugu da aikin jagaba a cikin ayari.
2. Faɗi amfani uku na ƙaramar mota ga mai tafiya shi kaɗai.
3. Jera garuruwan da a ke bi daga Ƙaura Namoda zuwa Agadas.
4. Mota tana cin kilomita 10 da lita ɗaya. Lita nawa za ta sha a kilomita 250?
5. Mutum ɗaya yana shan lita 10 a yini. Mutum 6 lita nawa za su sha a kwana 5?
6. Don me ba a barin mota a kama tafiya a ƙasa in ta lalace a hamada?